Hannun da Za a Cinye

Har yau Bakanike ake ce masa, ko da yake shekara biyu ke nan rabonsa da riƙe sifana. Injin yanka katako ne ya cafke masa hannun riga a masana'antar da yake aiki, ya ja shi ciki, kafin a kai ga kashe wuta mai faruwa ta faru. Likitoci suka cire hannun hagun daga can sama, dab da kafaɗa. Da ya tashi, aka samar masa aikin ba da tikiti a ƙofar wani filin ajiye motoci, inda ya koyi danne littafin tikitin da gwiwa yana yagowa da hannun dama.

Ciwon ya daɗe da warkewa, kunyar ce ta ƙi tafiya. Tun ranar da aka sallame shi daga asibiti babu mahalukin da ya bari ya ga dungun nan, har da matarsa. A banɗaki yake cire riga, a banɗaki yake mayarwa, da riga yake kwana ko da zafi zai narkar da shi. Matar tasa, Maman 'yan biyu, ba ta taɓa cewa uffan ba, shi kuma ya fassara shirun nata yadda ransa ya raya masa, wato ita ma ba ta son gani. Suna hira a kan takalman yara da famfon da ke ɗiga, suna dariya ma wani lokaci, amma ko tafiya suke yi sai ya san yadda ya yi ta koma gefensa na dama. Abin yana cin sa, kuma ya san yana cin ta.

Wata safiya wani mutum ya tsaya da mota a ƙofar filin, ya karɓi tikiti, ya ƙi wucewa. Idonsa yana kan hannun rigar da aka naɗe aka maƙale da fil. Bakanike ya tambaye shi ko ajiye mota ya zo ko kallo, don kallo ba a nan ake yin sa ba. Mutumin ya ba da haƙuri, ya ce shi darakta ne, fim yake haɗawa, kuma wata uku ke nan yana neman mai hannu ɗaya.

Fim ɗin na masu cin naman mutane ne. Mota ce za ta lalace a daji, fasinjoji su fake a gidan wani mai karamci da ba ya gajiya da ciyar da baƙi, sai dai kullum gari ya waye baƙo ɗaya ya ragu. Akwai wurin da za a cire wa wani fasinja hannu a gaban kyamara a ci. Darakta ya ce yin haka da kwamfuta ya fi ƙarfinsu, kuma 'yan kallo suna ganewa. Amma idan aka manna wa mai hannu ɗaya hannun roba, aka sare, abin da zai rage na gaskiya ne, ba mai cewa ƙarya ce. Yana bayani yana zumuɗi kamar wanda ya tsinci zinare. Ya ce babu tsoron da ya kai a ce ɗan'uwanka mutum ya dube ka ya ga abinci, shi ya sa irin waɗannan finafinan ba sa kwantai. Bakanike ya ce a ransa, injin da ya ci nasa ko yunwa ba ya ji.

Ya kamata ya kore shi, kuma ya so ya kore shi. Sai dai a shekara biyun nan kowa haƙuri yake yi da hannun, wannan ne mutum na farko da ya zo nemansa saboda shi. Ya karɓi katin. A gida ya ce ya samu ɗan aikin fim, da matarsa ta tambaye shi a me zai fito ya ce fasinja, ya tsaya a nan.

Aka tura shi wurin mai kwalliyar fim ɗin, wata dattijuwa mai tabarau rataye da zare, wadda kowa ke kira Anti Gam. Ɗakin aikinta tsohon sito ne a bayan wani shago. Kantoci cike da yatsu da kunnuwa na roba, ga bokiti biyu na jinin ƙarya da take haɗawa da sukari da kala, ga tururuwa sun yi layi suna ta shan rabonsu. Ta sa hannunsa na dama a cikin wani kwaɓi mai sanyi don ta samu girman da za ta bi, ta yi masa bayanin yadda za ta cusa dafaffiyar kaza da burodi a cikin damtsen robar don mai ci ya samu abin yaga. Sannan, ba tare da ta ɗago kai daga abin da take yi ba, ta ce ya cire riga.

Ya tsaya ƙiƙam. Ya ce ko za a rufe ƙofa. Ta tura ƙofar da ƙafa. Ya ɗauki lokaci a kan kowane maɓalli, tana jira, ba ta taya shi ba, ba ta kuma kawar da kai ba. Da rigar ta faɗi sai ya zuba wa bokitin jini ido, yana jiran irin numfashin nan da mutane ke ja idan sun ga abin tausayi. Bai ji shi ba. Ta sa tabarau, ta kama dungun ta juya shi dama da hagu kamar kafinta yana duba katako, ta auna da tef, ta rubuta. Wani abu ya saki a ƙirjinsa, har ya ji kamar ya yi mata godiya tun ba a yi komai ba.

Da ta zagaya bayansa ne fuskarta ta canza. Tabon bai tsaya a dungun ba, ya bi ta bayan kafaɗa har kan allon baya, wurin da shi ba ya gani, hannunsa ma ba ya kaiwa. Ta ce fatar wurin ta bushe ta tsage, kuma daidai nan ne za ta manna hannun.

“Wa ke shafa maka mai a nan?” in ji ta.

Ya ce shi yake shafawa.

“To kai ɗin ba ka kaiwa. Ni ba na sa gam a kan tsagaggiyar fata, ƙanena. Ranar cirewa da fatarka zai taho. Ga wannan, safe da yamma, a murza sosai har ya shiga. Kwana bakwai. Kana da mata?”

Ya ce yana da ita. Ta ce to an gama magana, ta miƙa masa kwalbar.

Maganar ba ta gamu ba, domin Bakanike mutum ne mai dabara, kuma dabara ce ta fara zo masa. Ya ɗauki dogon cokalin katako daga kicin, ya naɗe kan cokalin da tsumma, ya kulle kansa a banɗaki yana dangwala mai yana laluben bayansa. Kwana uku yana wannan fama. Man ya ɓata masa riga biyu, ya zuba a ƙasa har ɗaya daga cikin 'yan biyun ya zame ya faɗi, maman 'yan biyu kuma ta juye kicin kaf tana neman cokalinta, shi yana taya ta nema.

Rana ta huɗu ya koma gwaji. Anti Gam ta duba bayan, ta ce wanda ya shafa man nan ko makaho ne ko kuma ba mutum ba ne. Ta zauna a kan kujerarta, ta cire tabarau. Ta ce darakta yana da lambar wani mai hannu ɗaya a wani gari, kuma ita ba za ta yi masa ƙarya ba idan ya tambaye ta. Saura kwana huɗu a ɗauki wurin. Ta ƙara da cewa shi da zai tuɓe a gaban kyamara duniya ta gani, wace ce yake ɓoye wa? Ba ta jira amsa ba, ta koma kan fentin faratan robarta.

Washegari da safe, bayan yara sun tafi makaranta, ya ƙi fita aiki a kan lokaci. Ya zauna a bakin gado da kwalbar a hannu. Maman 'yan biyu tana ninke wanki. Ya faɗa mata gaskiyar fim ɗin tiryan-tiryan, da hannun roba, da kazar da za a cusa a ciki, da gam, har da inda cokalinta ya shiga. Yana magana yana kallon ƙasa. A ƙarshe ya ce idan ba za ta iya ba, ba komai, zai fahimta, ba kowa ke iya kallon irin wannan ba.

Ta ajiye rigar da ke hannunta. Ta zo ta karɓi kwalbar, ta buɗe masa maɓallan da kanta, ta zame rigar. Ya runtse ido. Ya ji tafin hannunta da ɗumi a kan wurin, kuma ba laluben hanya take yi ba, kai tsaye ta bi tabon tun daga farkonsa har inda ya lanƙwasa a baya.

“Ɗinki talatin da ɗaya ne,” in ji ta. “Sha tara a gaba, sha biyu a baya.”

Ya buɗe ido, ya tambaye ta ina ta sani.

“Kwana tara ka yi ba ka san inda kake ba, Baban 'yan biyu. Nas ɗaya ce a kan mutum ashirin. Wa kake tsammani yake wanke maka shi? Ni na riga ka ganinsa. Da muka dawo gida ka shige banɗaki ka rufe ƙofa, sai na ce bari in jira ka buɗe. Ban san zan yi shekara biyu ina jira ba.”

Kunya ta kama shi, ba irin wadda ya saba da ita ba, kunyar ya bar mutum a tsaye a bakin ƙofa. Hawaye suka zubo masa, bai ɓoye su ba. Ita kuwa tana murzawa tana faɗa, wai dubi yadda ya bar fata ta koma kamar bayan tsohon takalmi, kuma sabon cokali zai saya mata, ba za ta ƙara dafa wa yaranta abinci da wancan ba.

Ranar ɗauka, Anti Gam ta shafa bayan da yatsa, ta gyaɗa kai, ta ce yanzu ne aka samu mai shafawa. Ta manna hannun, ta yi masa fenti har da jijiyoyi da gashi. Da ya dubi madubi ya ga kansa da hannu biyu, ya ɗauka zuciyarsa za ta karye. Ba ta karye ba. Ya dai yi wa hannun kallon tsohon maƙwabcin da ya tashi daga unguwa.

Wanda zai ci hannun wani ƙato ne da ake kira Basamude, mai fuskar da ke sa yara kuka, alhali gyambon ciki ya hana shi cin komai sai madara da biskit. Kafin a kunna kyamara ya zo ya riƙe hannun Bakanike na gaskiya ya ce ya yafe masa, aiki ne. Sau shida aka maimaita wurin, sau shida yana neman gafara, yana yagar kaza yana zare ido, da an ce a tsaya ya ruga bayan mota ya tofar. Bakanike kuwa ya yi ihun da darakta ya ce bai taɓa jin irinsa ba. Bai gaya masa cewa ihun ya daɗe a ajiye ba. Maman 'yan biyu tana tsaye bayan masu fitila da jakarsa a hannu, kuma da aka sare hannun robar dungun ya fito fili a gaban mutum talatin, ita ya nema da ido. Tana nan tana kallonsa, ba ta kawar da kai ba.

Fim ɗin dai, a faɗi gaskiya, ba wani abin kirki ba ne. Jinin ya yi yawa, labarin ya yi kaɗan, kuma Bakanike minti huɗu ya yi a ciki kafin a cinye shi. Amma har yau ba ya yarda a zage shi a gabansa. Ya je ya yi wa Anti Gam godiya har ta gaji ta kore shi, ta ce ita fata kawai ta duba, ya tafi ya bar ta da tururuwarta. Gam ɗin ya fita salin-alin, ko ƙwarzane babu, ta ce daga yau ya huta da mai.

Washegari yara suka tafi makaranta. Ya saka riga, ya fara maɓalli yana satar kallon kwalbar a kan tebur. Aikin ya ƙare, ba shi da sauran hujja, kuma bai san yadda ake roƙon irin wannan ba tare da hujja ba. Ya kai maɓalli na uku ke nan ta shigo tana goge hannu da tawul. Ta dube shi, ta dubi kwalbar, ta ɗauke ta.

“Cire,” in ji ta. “Ni ba don fim nake yi ba.”