Hoton da Na Juya

Shekara tara ina ɗaukar hoton ƙirji a asibitinmu, kuma ina da wata ɗabi'a da shugabanmu ya gaji da yi mini faɗa a kanta. Akwai ɗan ƙarfe da ake mannawa a gefen faifan hoton don a san ina ne dama. Ni in layi ya yi tsawo ba na mannawa, sai in sa alamar daga baya a kwamfuta. Ai zuciya a hagu take, wa zai ɓata?

Ranar Talata Yayana ya kawo Auta, 'yarsa mai shekara sha uku, wadda tun haihuwa tari da majina ba su rabu da ita ba. Wannan karon ciwon ciki ne da zazzaɓi. Likita ya danna mararta ta dama, ba ta motsa ba. Ya danna hagu, ta yi ƙara. Ya ce ba afendis ba ne, wato kumburin 'yar wutsiyar hanji, tunda afendis a dama yake. Ya turo ta wajena saboda tarin.

Hoton ya fito da zuciya a dama. Na yi tsaki, na ce yau ma na kifa faifan. Na danna maɓalli na juya shi, na sa alama, na tura. Aka ba ta magani suka tafi.

Washegari da hantsi suka dawo, Yaya na ɗauke da ita a kafaɗa. Laɓɓanta sun bushe, cikinta ya yi tauri kamar katako. Na zauna a bakin gadon ina tsokanarta da raki, don kada ta ga tsoron da ke fuskata.

"Gwaggo, ji yadda zuciyata ke bugawa," in ji ta.

Ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta, ta dama.

"Ke dai ba ki san hagu da dama ba," na ce, na mayar da hannun hagu. Shiru. Na dawo da shi dama, sai ga bugu, da sauri da sauri, a tafin hannuna.

Ban san lokacin da na isa ofishin likitar tiyata ba, ɗankwalina a hannu. Ta sa na'ura a cikin yarinyar, ta ga hanta a hagu, afendis ma a hagu.

Suna tura gadon take yi wa Yaya bayani. Ta ce a makonnin farko na ciki akwai wasu 'yan gasu ƙanana a jikin ɗan tayi, suna kaɗa ruwa zuwa gefe ɗaya, da haka ƙwayoyin halitta ke sanin inda za su ajiye zuciya da hanta. Na Auta ba sa kaɗawa, sai komai nata ya zauna a juye. Irin gasun ne kuma ke share ƙirji, shi ya sa tarinta ba ya ƙarewa.

Awa uku muna kan benci. Yaya, kafinta mai surutun tsiya, ya ƙura wa ƙofar ɗakin tiyata ido. Ni kuwa tsoro biyu ke cina, na ranta da na abin da na sani.

Likitar ta fito tana cire hula.

"Ya riga ya fashe, ruɓa ta bazu a cikin. Mun wanke. Da jiya ne, da ƙaramin aiki ne. Yanzu sai mun ga kwana uku."

Yaya ya juyo ya riƙe hannuna, idonsa ya yi ja.

"Allah ya yi miki albarka, ƙanwata. Da ba ki gano ba, da shi ke nan."

Na ɗago na dube shi.

"Yaya, tun jiya na gani. Ni na juya hoton."

A hankali ya zare hannunsa daga nawa, ya koma kallon ƙofar da Auta ke ciki.