Yadda na toshe wa injin ruwan zafi numfashi

Daren Laraba na ji wani sauti daga ɗakin wanki, kamar ana taka busasshen ganye a hankali, a tsaya, a ci gaba. Na yi ta saurare har barci ya kwashe ni, don ni mutum ne mai son baƙon sauti. Da safe matata Bodil ta buɗe famfo, ruwa ya fito ba zafi ba sanyi.

Bodil tana fama da ciwon ƙugu, in ba ta gasa jiki da ruwan zafi ba, sauka daga bene ma gagararta take. Ɗanmu Torben, wanda ya sa mana injin ruwan zafi da bazara, ya daɗe yana lallaɓa mu mu sayar da gida mu koma gidan tsofaffi a birnin Aarhus. Ranar Lahadi zai zo cin abinci. In ya tarar uwarsa ta kwana huɗu ba wanka, magana ta ƙare. Shekararmu arba'in da shida a gidan nan.

Mai gyara ya ce sai bayan mako biyu. Na ce wa Bodil ta kwantar da hankalinta, kafin Lahadi za ta ga tururi.

"Kai Aksel, da ka gyara agogon bango ya koma tafiya da baya," in ji ta.

Ban yi nisa a makaranta ba, ina da shekara goma sha huɗu na koma kiwon shanu. Amma na san duk abin da ke numfashi, in ya kwanta ciwo, daga hanci ake farawa. Injin nan dogon tanki ne da fanka a ka. Yana zuƙar iskar ɗaki, ya tatse ɗuminta ya zuba wa ruwa, ya furzar da ita da sanyi. Da yana sabo nakan ɗauki kujera in zauna ina kallon ruwan da yake matsowa daga iska yana ɗiga ta wani siririn tiyo.

Na zaro ragar da ke tace iska, na tarar da ƙura da gashin kyanwa, na wanke. Na hura tiyon, bai toshe ba. Na duba maɓallai, ba wanda ya taɓa su. Na ba shi wuni guda, ruwa yana nan yadda yake.

Ranar Juma'a maƙwabcinmu Preben, tsohon direban motar madara, ya shigo shan kofi, ya leƙo ya same ni a durƙushe.

"Injiniya, gawa kake ajiyewa a nan? Ai waje ya fi ɗakin nan ɗumi."

Ya tafi wajen kofinsa, ni kuwa maganar ta zauna mini. Na cire murfin saman injin na haska tocila. Ƙanƙara ce ta lulluɓe siraran ƙarafunan ciki, fara fat, kyakkyawa kamar gashin tsuntsu. Ina kallo wani ɓangare ya tsage, na ji sautin nan nawa na daren Laraba.

Nan na gane mai laifi. Duk Nuwamba, washegarin daren bikin cin agwagwa da ake yi a ƙasarmu, nakan bi gida in liƙe duk inda sanyi ke shigowa, yadda mahaifina yake yi. Bana ma na liƙe tagar ɗakin wanki, na sa roba a ƙasan ƙofa, na cusa tsohuwar safa a ramin iska. Ɗakin kuwa ƙarami ne. Injin ya tatse iskar da ke ciki, ya sake zuƙarta, ya sake, har ya daskare.

Zare safar ba zai isa ba, iskar waje ta riga ta yi sanyi. Na kashe injin ƙanƙara ta narke cikin bokiti. Na ɗauko zarto na yanke ƙofar sama da ƙasa, ta ɓangaren da ɗumin murhun itace ke kaiwa, na rufe ramukan da wayar wani tsohon kejin kanari da na tsinta tun tuni. Bodil ta daɗe tana kallon ƙofar. Safiyar Lahadi ta yi wanka har madubi ya daina nuna fuska, ta sauko bene ba ta kira ni ba.

Torben ya iso da rana, ya je wanke hannu, na ji ya janye da sauri ya ƙara ruwan sanyi. Da ya tambayi abin da ya sami ƙofa, na ce injin ne ke neman iska. Ya duba wayarsa ya ce haka masu ƙera shi suka rubuta kuwa, shi ma bai lura ba. Har aka gama cin abinci, zancen rufin gidansa da ke yoyo yake yi, Aarhus bai fito daga bakinsa ba.

Preben ya shigo daidai lokacin yanka kek, kamar kullum. Ya tsaya a gaban ƙofar, ya sa tafin hannu jikin wayar kejin yana jin iska tana wucewa, sannan ya waiwaya ya dubi murhu da tarin itacen da na faskara.

"To Aksel, yanzu wa ke dafa ruwan nan, injin ko gatarinka?"

Torben ya ɗago kai ya dube ni. Bodil ta yi maza ta miƙa masa farantin kek.