Gyaran da Na Hana a Tura

Abin da aka ba ka kyauta, in ka gyara shi, na wa ya zama? Na juya tambayar nan ta kowace fuska, ban samu amsa ba.

Manhajar da ke tafiyar da kantin maganina ban saye ta ba. Wasu mutane da ban taɓa gani ba ne suka rubuta ta, suka bar cikinta a buɗe, kowa ya ɗauka, kowa ya gyara. Ita ke sanar da ni abin da ya kusa ƙarewa, da maganin da wa'adinsa ya kusa cika.

Ƙanwata, wadda rubuta manhaja ne aikinta, ita ta gano aibinta. In sabon kwali ya shigo alhali tsohon bai ƙare ba, sai manhajar ta riƙe ranar sabon, ta manta da ta tsohon. Tana zaune a kujerata tana shan shayi ta gyara.

"Yaya, bari in tura wa masu ita gyaran, kowa ya samu."

"Kowa har da Mai Gilashi?" Shi ne mai kantin magani na tsallaken titi. Ni na nuna masa manhajar lokacin muna ɗasawa, kafin ya janye mini masu saye.

"Har da shi mana. Haka ake yi."

"Ba da gyaran kantina ba."

"Kai dai da rowa aka haife ka. Da inuwarka na kulluwa, da ka sa mata kwaɗo."

Na yi dariya, amma na hana. Na ce wa kaina ai ban cuci kowa ba, shiru kawai na yi.

Yau da safe ina share bakin kanti sai Mai Gilashi ya ɗago mini hannu.

"Maƙwabci, manhajar nan taka ta hutar da ni! Na daina bin kwalabe ɗaya bayan ɗaya. In ba ta yi magana ba, na san lafiya lau."

"Madalla," in ji ni.

Ban gama sharar ba wata mata ta fito daga kantinsa, goye da jaririya mai tari, riƙe da kwalbar maganin yara. Ta iya yiwuwa kwalbar sabuwa ce. Ta iya yiwuwa ba sabuwa ba ce. Na bi ta da ido har ta sha kwana, tsintsiya a hannuna.

Na kira ƙanwata a waya.

"Tura musu."

"Ikon Allah! Yau rana ta ina ta fito?"

"Ki dai tura."

"Zan tura, amma sai sun duba kafin su karɓa. Ba yau zai iso wurinsa ba, Yaya."

"To taho da kwamfutarki ki sa masa yanzu."

Na jingine tsintsiya, na tsallaka titi. Yana goge gilashinsa da bakin riga.

"Maƙwabci, ka san gidan matar nan da ta fita? Aika a tsayar da ita. Sannan sauko da kwalaben yaran nan mu duba."