Sabon Gidan Sukkara

Da Sumayyah za ta tafi Kano karatun jami'a, amana ɗaya ta bar wa mahaifiyarta Zuwaira: wani ƙaton gizo-gizo baƙi mai gashi, irin wanda ake kira tarantula, a cikin akwatin roba a kan teburin karatu. Mace ce, kuma Sukkara ta raɗa mata, don yarinyar a Riyadh ta tashi, Larabci ya fi zama a bakinta. Zuwaira nas ce, babu irin mikin da ba ta wanke ba, amma wannan halitta ko ido suka haɗa sai tsikar jikinta ta tashi. Duk da haka takan zuba mata ruwa, ta jefa mata gyare, ta ja ƙofa da sauri.

Wata safiya ta dawo daga asibiti ta tarar da ita kwance rigingine, ƙafafu a sama. Har ta ɗauko takarda za ta naɗe ta, sai ta ga gara ta fara sanar da mai ita. A waya Sumayyah ta roƙe ta kada ta taɓa, ta ce ba mutuwa ba ce, saɓa take yi irin ta maciji. Kafin la'asar kuwa sai ga Sukkara biyu a akwatin, ɗaya fanko, ɗaya sabuwa fil tana sheƙi. Ta ƙara girma sosai, in ta miƙe ƙafafunta na taɓa bango da bango. Sumayyah ta ce dole a sake mata gida, amma a jira jikinta ya yi ƙwari tukuna.

Zuwaira da mijinta Salmanu suka tafi wani kantin dabbobi a unguwar Al-Suwaidi, nan cikin Riyadh. Mai kantin ya nuna musu wani dogon akwatin gilashi mai fitila, ya kuwa burge ta. Sai dai 'yarta ta riga ta gaya mata cewa Sukkara 'yar ƙasa ce, ba mai hawan bishiya ba, in ta hau bango mai tsawo ta faɗo cikinta fashewa zai yi kamar ƙwai. Suka ɗauki gajere mai faɗi, da ƙasar ɓawon kwakwa, da guntun itace mai kogo. A gida Salmanu ya huda ramukan iska a gefe da gefe yana ta mita, wai shi injiniya ne na mutane, yau ga shi yana gina wa ƙwaro gida. Zuwaira ta cika akwatin da ƙasa har ya wuce rabi, ta danna ta da hannu, ta binne rabin kogon.

Ranar Juma'a bayan la'asar ta kai akwatunan biyu banɗaki, ta toshe magudanar ruwa, ta cusa tawul a ƙarƙashin ƙofa. Salmanu ya ce zai tsaya a waje, ko da za a buƙace shi. Ta kira Sumayyah ta bidiyo, ta jingina wayar a kan famfo yadda za ta gani, ta ɗauki kofin roba da burushin fenti mai laushi.

"Shwayya shwayya, a hankali, Ummi," in ji Sumayyah. "Ki taɓa ƙafarta ta baya kawai."

Ta taɓa. Sukkara ta karce bayanta ta watso gashi, nan take wuyan hannun Zuwaira ya hau ƙaiƙayi. Ta sake taɓawa. Maimakon ta shiga kofin, sai ta kewaye shi, ta ɗora ƙafafu biyu a bayan hannun Zuwaira ta tsaya.

Ran Zuwaira ya ce ta yarfar. Ta tuna da ƙwan nan da zai fashe, ta ƙame, tana karanta abin da ya zo bakinta. Abin da ya ba ta mamaki shi ne rashin nauyinta, kamar an aza mata auduga. Ta lura ƙafafun suna lalube ne kawai, irin na wanda aka tasa daga barci a ɗakin da bai sani ba. A hankali ta kawo kofin gabanta, ta shafa burushin. Sukkara ta taka ciki. Ta rufe da kwali, ta kwantar da kofin a sabon gidan, ta bar ta ta fita don kanta.

Daga bayan ƙofa Salmanu ya tambaya ko an gama.

"An gama, Abban Sumayyah. Kawo min ruwan sanyi."

Suka ajiye akwatin nesa da iskar mukayyif, na'urar sanyaya ɗakin, don kada ƙasar ta bushe da wuri. Kwanaki Sukkara ta yi a takure a kusurwa, ta ƙi kogon, ta ƙi abinci. Zuwaira ta riƙa leƙowa kafin ta fita aiki da bayan ta dawo, har Salmanu ya fara tsokanarta cewa ta yi sabuwar 'ya.

Sai wata safiya ta tarar an yi aiki. An haƙa rami a ƙarƙashin itacen, an lulluɓe bakinsa da farar saƙa, ƙasar da aka fitar kuma an juye ta kaf a cikin kwanon ruwa. Zuwaira ta yi dariya ita kaɗai, ta sa hannu ta ɗauko kwanon, ta wanke, ta mayar da shi cike. Sannan ta ɗauki hoto ta tura Kano, ta yafa abayarta ta sauka jiran motar asibiti.