Takaba a Cikin Motar Malam

Ranar da Halimatu ta cika kwana goma sha tara da shiga takaba, ta tashi kamar kullum ta share gaban motar. Ta tara ganyen da ya zubo, ta yayyafa ruwa, ta jingine tsintsiyar a jikin taya. Wurin bai fi taku goma ba, amma sai da ta zauna a matakalar ƙofa ta huta. Tun rasuwar Malam Yahuza jikinta ya yi nauyi, ko kofin shayi ta ɗauka sai ta ji kamar tulu ne.

Motar nan ita ce gidansu. Malam ya yi shekara ashirin da ɗaya yana koyarwa a wata kwaleji a Kuala Lumpur. Da ya ajiye aiki, sai ya ce ba zai koma Kano ba sai ya ga ƙasar da ya tsufa a cikinta, don bai san komai nata ba sai hanyar makaranta da ta masallaci. Suka saki gidan hayarsu, suka tura kaya gida, ya sayi wata tsohuwar farar bas da aka mayar da cikinta ɗaki. Akwai gado, da murhun gas, da tankin ruwa, da ɗan banɗakin da mutum ba ya iya juyawa a ciki. Wata huɗu suna yawo. Sun kwana a bakin teku, sun kwana a bayan masallatan ƙauye, sun kwana a gefen gonakin kwakwar manja.

Masu irin waɗannan motoci suna da ladabinsu idan suka sauka a filin da ba nasu ba, kuma Malam ya riƙe shi kamar karatu. Ba a wuce kwana biyu a wuri ɗaya. Ba a fito da kujera, ba a ɗaura igiyar shanya, ba a zubar da ruwan wanke-wanke a ƙasa. In za ka tashi, ka kwashe shararka har da wadda ka tarar. Halimatu takan yi masa tsiya ta ce, "Malam, wannan zama ne ko sata? Ai ko ɓarawo ya fi mu sakin jiki." Shi kuwa sai ya ce haka ake so, in mutanen unguwa ba su san ka kwana ba, to ka iya baƙunta.

Ganin likitan zuciya ne ya dawo da su birni. Suka sauka a wani fili a Sentul, bayan tsofaffin rumfunan gyaran jirgin ƙasa, wurin da masu motocin kwana suka shekara shida suna raɓawa ba wanda ya ce musu uffan. A rana ta biyu, bayan azahar, Malam ya ce zai ɗan kishingiɗa kafin su tashi. Bai farka ba.

Abin da ya biyo baya, ba wanda ya shirya shi. Mutuwa aka yi, mutane suka zo. Matan Hausawa suka shimfiɗa tabarmi a gindin bishiya. 'Yan Najeriya masu karatu suka kafa rumfa saboda ruwan sama. Aka ɗora tukunyar tuwo a waje, aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai. Da jama'a suka watse, rumfar ta tafi, amma tabarma ɗaya ta zauna, da kujera biyu don masu zuwa gaisuwa, da igiya daga madubin mota zuwa bishiya, inda take shanya zannuwanta. Halimatu ba ta ga laifi a ciki ba. Mace mai takaba tana zama a ɗakin da mijinta ya bar ta, wata huɗu da kwana goma, haka ta taso ta gani. Nan ya bar ta. Kuma ba ta taɓa ganin ƙofar ɗakin da ba a sharewa ba.

Tana nan zaune a matakala sai ga Dinah ta shigo filin, da ledar abinci a hannu. Dinah 'yar Filato ce, ma'aikaciyar jinya, maƙwabciyarsu ta shekara takwas a tsohon gidan. Tun ranar rasuwar ba ta fasa zuwa ba.

"Hajiya, na yi miki tapau, na sayo miki shinkafa da kaza a ƙunshe. Yau kam sai kin ci a gabana, na gaji da ciyar da magen Sentul."

"Sannu da ɗawainiya, Dinah. Ajiye, zan ci."

"Haka kika ce jiya. Magen nan har ta fara gaishe ni a hanya."

Halimatu ta ɗan murmusa, ba ta buɗe ledar ba. Dinah ta zauna a kujera, ta cire takalmi, ta daɗe tana murza ƙafa kafin ta ce, "Mutumin nan yana waje. Tun ɗazu yake tsaye a bakin titi, ya kasa shigowa."

Sharif ke nan, wani dattijo Bamale, ɗan asalin ƙasar, mai irin motarsu, wanda suka saba da Malam a hanya. Ya zo jana'iza. Ya dawo ranar bakwai, ya dubi tukwane da tabarmi, ya yi addu'a ya tafi. Ya sake dawowa ranar sha biyu, ya cika mata tankin ruwa, ya dubi igiyar shanya, ya tafi bai ce komai ba. Yau da Dinah ta yafuto shi, ya tsaya nesa da ƙofa, hularsa a hannu, idonsa a ƙasa. Ya yi magana da Turanci a hankali yadda za ta gane, inda ta ɓace Dinah ta mayar mata da Hausa.

Ya ce mutanen dogon benen da ke kallon filin sun ɗauki hoton motar daga sama, da zannuwa, da kujeru, da wurin da aka share ya yi fes. Sun kai ƙara cewa wasu sun kafa gida a filin. Masu filin sun ce ranar Juma'a za su sa ƙarfe a bakin shiga, motar da aka samu a ciki kuma janwe zai ja ta.

"Ka gaya musu mijina ne ya rasu?" in ji Halimatu.

"Na gaya musu, Kak," ya ce, wato Yaya da yarensu. "Sun yi ta'aziyya. Sun ce Juma'a."

"To ni ba yawo na zo ba. Takaba nake yi. Kai Musulmi ne, ka san abin da nake faɗa."

"Na sani," ya ce. Ya juya hular a hannunsa. "Shi ya sa na yi zuwa biyu na kasa buɗe baki."

Ya koma can gindin bishiya ya tsaya, ya ba su wuri. Dinah ta matso da kujerarta.

"Hajiya, ki taho gidana. Ɗaki yana nan, ba kowa. Ko hoton Yesu da ke bango in ya dame ki zan sauke."

"Ba a gidanki ya bar ni ba."

"To in suka ja motar fa? A ofishinsu za ki ƙarasa takabar?"

Halimatu ta dubi benen, hawa talatin ko fi, tagogi birjik, ba ta san ta wacce ake kallonta ba. Saura mata wata uku da kwana ashirin da ɗaya. Ta gaji da lissafin, ta gaji da zafin da ke dafa motar da rana, ta gaji da gaisuwa. Abu ɗaya take so, a ƙyale ta ta gama wa Malam wannan zaman yadda ake yinsa, kada ta je lahira a ce ko wannan ba ta iya ba.

Dinah ta buɗe ledar da kanta, ta ɗauki cinyar kaza ta fara ci. Da bakinta cike ta ce, "Ni dai ban san addininku ba. Amma a ƙauyenmu akwai Fulani, kowace shekara suna sauka a bayan gonar babana. In mijin wata ya mutu, ruga kuma ta tashi, ban taɓa gani an bar ta ita kaɗai a daji tana gadin turken shanu ba. Naɗe bukkarta ake yi, a ɗora wa sa, ta bi su."

"Mu ba Fulanin daji ba ne."

"Wata huɗu kuna kwana yau nan gobe can. Me ya rage, shanun?"

Halimatu ta miƙa hannu ta ɗauko wayarta, ta kira Malam Tajuddeen, wanda ke yi wa matan Najeriya karatu ranar Lahadi a Kampung Baru. Ta zayyana masa komai. Ya saurara har ta gama.

"Hajiya, tunda nake ba a taɓa tambayata takaba mai taya huɗu ba."

"Allah gafarta Malam, ni ma ban taɓa yi ba."

Ya tambaye ta ko suna da wani gida a ƙasar ban da motar. Ta ce babu. Ya tambaya ko filin nasu ne, ko haya suka kama. Ta ce a'a. Sai ya ce a iya fahimtarsa, ɗakin da mijinta ya bar ta a ciki shi ne motar, ƙasar da ke ƙarƙashi kuwa ta mutane ce, kuma ba a ibada da haƙƙin wani. In an ce ta matsa, ta matsa da ɗakinta, takabarta tana nan ba abin da ya taɓa ta. Allah ne mafi sani.

Ta yi godiya ta kashe wayar. Ta zaci za ta ji sauƙi, amma ba ta ji ba. Ashe so take ya ce kada ta motsa. A nan ne Malam ya yi alwalarsa ta ƙarshe, a tsugune kusa da tayar baya. A nan ya tsaya yana yi mata mitar ta cika gishiri a miya. In motar ta tashi, ba ta da sauran wurin da za ta nuna ta ce nan ya taka.

Ta ja mayafinta ta rufe fuska. Dinah ta ajiye kazar, ta goge hannu, ba ta ce mata ta yi haƙuri ba. Ta bar ta ta yi kukanta har ya ƙare don kansa.

Da ta sauke mayafin, ta ce a kira mata Sharif.

"In na tashi yau, za su bar muku filin?"

Ya girgiza kai. "A'a, Kak. Wannan ya riga ya wuce. Ƙarfen za su sa ko kin tashi."

"Shekara shida kuna kwana a nan."

"Shida da 'yan watanni."

"Ni na jawo muku."

"Mutuwa ce ta jawo," ya ce. Amma bai ce ba komai ba, ita ma ta lura bai ce ba.

"Ka roƙar mini mutanenku gafara. Malam ya gaya mini ƙa'idar, ba wai ban sani ba ne. Na ɗauka mutuwa ta ɗauke ta."

Sharif ya ciro wata takarda daga aljihu. Ashe tun zuwansa na biyu ya rubuta ta. Wurare goma sha ɗaya ne a kewayen birnin inda mota za ta iya kwana biyu ba a tanka ba: bayan wani ƙaramin masallaci a Gombak, gefen wani filin ƙwallo, harabar wani abokinsa mai gyaran mota. In an gama zagaye sai a sake daga farko. Halimatu ba ta iya tuƙi ba, kuma ba za ta shiga mota da namijin da ba muharraminta ba, wannan ma ya yi tunaninsa. Dinah ce za ta riƙa tuƙi, ranar da take aiki kuma matarsa za ta zo ta ja motar.

"Boleh?" ya tambaya da yarensu, wato ko zai yiwu.

"Boleh," ta ce, da muryar da ita kanta da ƙyar ta ji.

Kwashe kayan bai ɗauki rabin awa ba. Dinah ta kwance igiya, ta naɗe tabarma. Sharif ya sa kujerun a motarsa don ya mayar wa masu su. Halimatu ta bi filin da leda tana tsince shara, har da kwalaben da suka girme zuwanta. Sai sunkuyawa take tana miƙewa tana dafe ƙugu. Hadari ya haɗo ta gabas kamar yadda yake yi kowace la'asar.

Dinah ta hau kujerar direba, ta ja ta gaba har ƙirjinta ya kusa taɓa sitiyari. Motar ta mutu sau biyu kafin ta tashi.

"Wannan giyar ta Malam ai sai da addu'a. Hajiya, ki zo gaba ki nuna mini hanya mana."

"Ban san hanya ba. Bi Sharif."

Ba ta zauna a gaba ba. Ta shiga ciki, ta ja labulen tagogi duka, ta zauna a bakin gado ta riƙe ƙarfen jikinsa. Ta ji tayoyi sun sauka daga tsakuwa sun hau kwalta. Cokula suna ta kaɗawa a cikin aljihun kabad. Ruwa ya sauko, yana dukan rufin da ƙarfi har ba ta jin abin da Dinah ke faɗa wa masu babura.

Sun fi awa ɗaya a cunkoso kafin motar ta tsaya. Dinah ta leƙo ta ce sun iso, ga masallacin can, ga famfo a gefe. Sharif ya ɗaga musu hannu daga cikin motarsa ya wuce.

"Jibi da safe zan dawo, kafin in tafi aiki," in ji Dinah. "Kina son in fito miki da wani abu waje?"

"A'a. Ja mini ƙofar kawai."

Dinah ta ja ƙofar. Halimatu ta zauna tana jin ruwan yana raguwa. Ba ta ɗaga labule ta ga inda aka kawo ta ba. Ta jawo ledar shinkafar da ta riga ta huce, ta buɗe, ta ci loma uku.