Ganyen da ke Ƙofar Sito

A Vatumaro, can gefen tsibirin Maewo inda ruwan sama ba ya hutu, mutum ba ya iya kallon idon kawunsa ya ce masa a'a. Wannan ce ta zama damuwar Edmon Garae tun ranar da jirgin ruwa ya sauke masa kwantena a bayan ɗakin shan magani.

Da can Edmon mai gyaran injin kwalekwale ne. Da aka ce kowane tsibiri ya kafa tawagar agajin gaggawa, sai aka tura shi horo a tsibirin Santo. Nas-nas aka koya musu nasu, shi kuma aka koya masa aikin da ba ya fita a hoto: kafa tanti cikin iska, mai da ruwan kogi ruwan sha, jera kaya yadda abin da za a fara nema zai kwana a bakin ƙofa. Mai koyarwar wata Baturiya ce daga Darwin, Malama Kerry, wadda rana ta gasa har fuskarta ta yi jawur kamar dafaffen jatan lande. Magana ɗaya take nanatawa, wato kada mabuɗi ya zauna a hannun mutum ɗaya. Edmon ya ji. Da ya dawo gida ya rataya mabuɗi ɗaya a wuyansa, ya ba nas Mereline ɗaya, ya kai wa fasto ɗaya.

Yana son kwantenar nan. Da rana tsaka yakan shiga ya zauna cikin warin roba, yana kallon tantuna a nannaɗe, yana ganin kamar asibiti ne guda ya naɗe fukafukansa yana barci irin na jemage.

Ba a daɗe ba Kawu Silas ya leƙo.

"Ɗan 'yar'uwata, ashe haka ka zama attajiri ba labari? Ara mini tamfol ɗaya. Rasuwa aka yi a dangin matata, kuma ka ga hadari."

"Kawu, ba nawa ba ne. Na ranar masifa ne."

"To mutuwa fa, biki ce?"

Tamfol ya tafi. Bokiti ya bi shi, sai igiya, sai fitila. Wasu dangin suka ji labari. Wata gwaggo ta ɗauki jarka, wani ƙane ya ari janareta don kallon ƙwallo ya dawo da shi yana tari. Kwaɗo yana nan a ƙofa, mabuɗai suna nan, amma babu kwaɗon da ke hana kawu shiga.

Mereline ta tare shi wata safiya. "Mai sito, in guguwa ta zo, da me za mu rufe marasa lafiya? Da kunyarka?"

Mereline ce Edmon zai aura, kuma kowa a garin ya san abin da ake jira. A bayan ɗakinsa akwai namijin alade a turke, wanda tun yana ƙarami aka cire masa fiƙoƙin sama don haurensa na ƙasa ya yi ta girma yana lanƙwasa. Shekara da shekaru Edmon yana ba shi dafaffiyar gwaza da kankararriyar kwakwa a baki, don kada ya tauna abu mai tauri ya karya hauren. Yanzu hauren ya zagayo kamar jinjirin wata mai neman cizon wutsiyarsa, saura kaɗan ya haɗe. Ran da ya haɗe za a kai shi gidan su Mereline, don mahaifinta ya ce ba zai ba da 'yarsa ba sai da cikakken haure. Mereline ta sa wa aladen suna Minista, wai don ci kawai yake yi yana kwance.

Edmon ya rasa yadda zai yi da dangi, sai ya je wurin mai gari, Tsoho Boevira, ya faɗa masa komai. Tsohon ya saurare shi har ƙarshe. Washegari ya zo da ganye biyu na wata bishiya da ake kira namele, dogaye masu kama da ƙayar babban kifi, ya gitta su a ƙofar kwantenar ya ɗaure da jijiyar itace. A Vatumaro abin da aka gitta wa namele ba a taɓa shi, kuma hannun da ya ɗaura shi kaɗai ke kwancewa. Wanda ya karya, tararsa alade mai haure.

Daga ranar aro ya tsaya cak. Kawu Silas kan sake hanya in ya zo wucewa, ya ratsa ta cikin gonar ayaba don kada ko inuwarsa ta taɓa ƙofar. Duk sabon wata mai gari zai zo ya kwance, Edmon ya duba kaya, ya tada janareta, tawaga ta yi atisayen kafa tanti a filin makaranta, sannan a sake ɗaurewa. Edmon ya ji daɗi har ya kwashe komai ya zuba a ciki, har da rediyon oba-oba da doguwar igiyar ƙetare ruwa.

Sai guguwa ta zo. An yi ta sanarwa cewa kudu za ta bi, sai ta juyo. Mai gari kuwa tun kafin ta iso ya haye kogi zuwa ƙauyen 'yarsa don ya taya ta ɗaure rufin ɗaki.

Da gari ya waye iska ta lafa, mutane suka fito daga makaranta inda suka fake. Duniya ta zama wata iri. Bishiyoyi duk tsirara, har ana hango teku daga wuraren da ba a taɓa hango ta ba. Ƙofar coci na tsaye ita kaɗai a rufe, cocin kuma babu shi. Wata mata ta tarar da kifi a cikin murhunta. Minista yana nan a turkensa, laka har ido, yana gurnanin neman karin kumallo.

Edmon na tsaye yana duba haurensa sai ya ji ihu. Kawu Silas ne da wasu maza ɗauke da matarsa, Inna Lois, a kan ƙyauren ɗaki. Ta fita neman kajinta, kwanon rufi da ke maƙale a bishiya ya faɗo ya tsarge mata cinya. Ɗakin shan magani ba rufi, duk abin da ke ciki ya jiƙe da laka da ruwan gishiri. Mereline ta durƙusa ta ɗaure cinyar da ɗankwalinta ta danne da gwiwa.

"Edmon! Ledar ƙarin ruwa, zaren ɗinki, ruwa mai tsabta. Da tanti, ga wani hadarin nan. Buɗe sito."

Jama'a suka bi shi zuwa kwantenar, sannan suka ja suka tsaya nesa. Guguwar da ta ɗauke coci ba ta ɗauke ganyen ba. Suna nan a gicciye, sun yage kaɗan a gefe, ɗaurin ko motsi bai yi ba.

Wani ya ce, "A kira mai gari."

Edmon ya ruga bakin kogi. Kogin da yara ke tsallakewa da ƙafa ya zama jan ruwa mai ruri, yana tafe da kututture da gawar saniya. Can a ɗaya gaɓar ga Tsoho Boevira, ɗan ƙarami kamar tsuntsu a kan dutse, shi ma yana kallon ruwan. Edmon ya yi ihu har muryarsa ta dushe, kogin ya haɗiye. Ko da tsohon ya ji ma, magana ba ta kwance ɗauri, sai hannu. Igiyar da za a iya jefa masa kuma tana cikin sito, tare da rediyon.

A hanyar dawowa mabuɗin na dukan ƙirjinsa, ya tuna Malama Kerry. Ya raba mabuɗai uku kamar yadda aka koya masa, ya kuma je da ƙafarsa ya roƙo kwaɗon da mabuɗinsa hannun tsoho ɗaya ne.

Fasto ya tarye shi da nasa mabuɗin a tafin hannu. "Ɗana, ga shi in kana so. Amma ni baƙo ne a garin nan, ban isa in taɓa ganyen ba."

Kawu Silas na tsaye, rigarsa duk jini. Mutumin da bai taɓa jin nauyin roƙo ba, yau ya kasa roƙo. Ya san farashin, kuma ba shi da alade mai haure. Wanda yake da shi a wurin mutum ɗaya ne.

Edmon ya dubi Mereline. Ba ta ɗago ba, tana danne da cinyar, leɓunan Inna Lois sun fara fari.

"Kin san abin da zai ci," ya ce a hankali.

"Na sani. Yi sauri."

Ya karɓi adda a hannun wani. Matan suka juya baya, wani tsoho ya rufe idon jikarsa. Edmon bai sare ganyen ba. Ya sa bakin addar ya yanke jijiyar kawai, ya tallafo ganyen da hannu biyu kamar jariri, ya kwantar da su a kan dutse mai tsabta. Ya ɗan tsaya yana jiran ko wani abu zai same shi. Ba abin da ya ji sai gumi na bin bayansa. Ya sa mabuɗi ya buɗe.

Daga nan hannaye suka tuna atisaye. Akwatin jinya na bakin ƙofa inda aka ce a ajiye shi. Mutane na tsoron shiga, don haka shi kaɗai ya riƙa fito da kaya yana miƙawa, suna karɓa daga waje. Kafin ruwan sama ya sauko tanti ya tashi a filin makaranta, janareta ya yi tarinsa ya kama, matatar ruwa ta fara ɗiga. Mereline ta rataya ledar ƙarin ruwa, ta wanke raunin Inna Lois, ta ɗinke. Edmon ya kunna rediyo ya samu Santo, suka ce jirgi zai zo da zarar teku ta kwanta. Kafin la'asar tantin ya cika: mai karaya, mai ƙusa a ƙafa, wata mai naƙuda. Inna Lois ta buɗe ido, tambayarta ta farko ita ce ko an ga kajinta.

Da kogi ya janye mai gari ya hayo, riƙe da igiyar da Edmon ya ɗaura daga gaɓa zuwa gaɓa. Ya zaga tantin, ya gai da marasa lafiya, ya ɗauki jaririn da aka haifa. Sannan ya je ya tsaya a gaban ganyen da ke kan dutse, ya daɗe.

"Wa ya kwance?"

"Ni ne, Baba."

"Da ina nan da gudu zan kwance, ka sani. Da ni ne kai ma, abin da ka yi zan yi." Tsohon ya share fuska. "Amma in na ce ba komai, gobe namele ya zama ganye kamar na ayaba. Ba sitonka kaɗai yake tsarewa ba. Yana kan gonakin marayu, yana kan wurin da kifi ke ƙwai."

"Na sani, Baba. Zan kawo shi."

Da kansa ya wanke Minista, ya goge hauren da ɓawon kwakwa har ya yi ƙyalli. Tsakanin bakin hauren da gindinsa bai fi faɗin yatsa ba. Aladen bai saba tafiya ba, sai ya riƙa zama a hanya, Edmon na lallashinsa da gwaza har zauren gari. Ba wanda ya yi dariya. Mahaifin Mereline na zaune cikin dattawa, ya kalli hauren, ya kalli ƙasa.

Da aka gama, mai gari ya sa aka yanko sabon namele, ya kira Edmon da Mereline zuwa ƙofar kwantenar.

"Kawo hannunka. Ke ma kawo naki."

Ya haɗa hannayensu cikin nasa, busassu masu sanyi, suka ja jijiyar tare suka ƙulle. Ya juya ga jama'a ya ce, "Kun gani da idonku. Hannu uku suka ɗaura. Kowane ɗaya na iya kwancewa."

Da yamma Edmon na zaune kusa da turken da ba kowa, sai ga Kawu Silas niƙi-niƙi da kaya: tamfol a ka, bokiti da fitila a hannu ɗaya, a hammata kuma wani ɗan alade baƙi yana tsala ihu.

"Ga kayanka. Tamfol ɗin ya ɗan huje, ba ni na huda ba. Wannan kuma naka ne, uwarsa mai ƙashi ce. Gwazarsa a kaina har ya yi haure."

Mereline ta fito daga tanti tana goge hannu, ta dubi ɗan aladen sama da ƙasa.

"Kawu, wannan ai kafin haurensa ya zagayo na yi furfura."

"Zan je wurin babanki. Ni da roƙo ai kin san ba a kayar da ni."

"Wannan kam gaskiya ne," in ji Edmon.

Ya karɓi ɗan aladen ya ɗaure a turken Minista. Igiyar ta yi masa yawa, sai da ya ninka ta. Mereline ta tsuguna ta miƙa masa ɗan guntun gwaza, ya cafke har da yatsanta.

"Kai! Wannan ma ɗan siyasa ne," ta ce. "Sai mu sa masa Kansila, tunda bai kai Minista ba."