Warin da Ya Rage a Firiji

Wari ne ya fara tarbarsu tun daga ƙofar gida. Mai Firiji ta ajiye jaka, ta toshe hanci da gefen ɗankwali, ta ce wa mijinta, "Wani abu ya mutu a gidan nan."

"In dai ba ni ba ne, da sauƙi," in ji Direba. Yana bayanta yana ɗingishi, domin takalmin aro da ya sa zuwa jana'izar yayarsa ya ci masa babban yatsa.

Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Su kaɗai ne Kirista a ciki, su kaɗai ne kuma masu firiji. Ɗakinsu ya yi masa kaɗan, shi ya sa yake tsaye a baranda, daga nan kuma ta samo sunanta. Tun ranar da aka kawo shi ta ce kowa ya sa abinsa. Ta kuma yi wa maƙwabta alkawarin da ba su roƙa ba, cewa abin da addininsu ya hana ba zai taɓa shiga ciki ba. Haka aka zauna shekara da shekaru, miyar wannan kusa da madarar jaririn wancan. A jikin ƙofar daga sama kuwa ƙananan kwalaben allurar Direba suke, domin yana da ciwon suga, likita ya ce maganin ba ya son zafi.

Ta bi warin har bayan banɗaki. Can ta tarar da babbar robar wankinta, an juye duk kayan firijin a ciki. Ƙwai sun fashe, kifi ya narke, ga wani ƙullin baƙar leda ya kumbura, tsutsotsi na fita daga bakinsa farare tas. Ƙudaje suka tashi suka sauka mata a fuska. Ta juya ta yi amai a jikin bango.

Shi kuwa firijin yana ta ƙugi abinsa. Ta buɗe ta ga cikinsa fes, har da zane-zanen inda aka dirje shi da yashi. Kwalaben allura suna mazauninsu.

Matar Makaniki, wadda ɗakinta ke manne da nasu, ta fito tana goge hannu da zani.

"Yaya, sannunku da hanya. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Wa ya taɓa min firiji?"

"Ni ce. Naman alade na gani a ciki, a kan kwanon miyata."

"Alade? A firijina?"

"Ga mai shi nan, tambaye shi."

Dogo, ƙanin Direba, wanda suka bari ya tsare musu ɗaki, yana kwance a kujera yana sakace. Ko tashi bai yi ba. "To, sai me? Firijin yayana ne. Wutar su suke biya mana?" Ya kwashe da dariya. Irinsa ba ƙaunar naman ce ta dame shi ba, daɗin da yake ji shi ne ya ga ran wani ya ɓaci. Mai Firiji ta dube shi kamar yadda ta dubi ledar nan. Kunya ta rufe ta, har ita ce ta ba Matar Makaniki haƙuri. Ta kwashe ƙazantar da hannunta, ta ɗauka magana ta mutu.

Ciwon yatsan Direba ya ƙi warkewa. Kullum yana soka allurarsa a kan lokaci, amma ƙishirwa ta ƙi sakinsa, fitsari ba iyaka, ido na yi masa hazo. Yatsan ya kumbura, ya yi baƙi, ya soma ɗoyi. Mai Firiji tana wanke shi safe da yamma tana kau da kai don kada ya ga fuskarta. Ranar da ya faɗi a bakin famfo, Makaniki ne ya ɗauke shi a motar wani da yake gyara, ya kai shi asibiti.

Wata likita ta ɗaga kwalbar maganin da Mai Firiji ta kawo ta duba, ta ce, "Mama, wannan ya taɓa shan zafi?"

"A firiji yake kullum."

"To, ki yi tunani. Idan rana ta dake shi, a ido yana nan yadda yake, amma ƙarfinsa ya tafi. Kamar ruwa yake soka wa kansa."

Aka yanke yatsan.

Daga asibiti Mai Firiji ba ta shiga ɗakinta ba, ta tsaya a ƙofar Matar Makaniki.

"Ranar da kika wanke firiji, ina kika sa kwalaben maigidana?"

"Na wanke su ne, na shanya su a kan kwanon rufin banɗaki tare da faifan firijin. Ai su ma sun zauna da abin."

"Har yaushe?"

"Na manta da su, sai washegari da la'asar na mayar."

"Me ya hana ki gaya min?"

"Ban san magani na lalacewa ba, Yaya." Ta sunkuyar da kai, sannan ta ɗago. "Kuma ai kowa da abin da Allah ya rubuta masa."

Wannan maganar ta fi warin robar nan ɓata wa Mai Firiji rai. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba zanin rufe ɓarna ba ce, kuma wanda ya yi laifin ba shi ya kamata ya fara ambatonta ba. Matar nan ta sha ganin Direba zaune a baranda yana ɗaga riga yana soka allura. Ta san tsarkin kwanonta ciki da bai, ba ta taɓa tambayar abin da ke riƙe da ran maƙwabcinta ba. Mai Firiji ta dubi hannuwanta masu ƙamshin sabulu, ta ji ƙyama ta taso mata. A ranar ta kira mai walda ya maƙala wa firijin ƙarfe, ta saya masa kwaɗo, ta ɗaure makullin a bakin zani.

Ran Lahadi matan coci suka cika mata ɗaki. Sun zo da addu'a a baki da fetur a aljihu.

"Mun sha gaya miki, Maman yara. Kin ɗauki maciji kin sa a zani."

"Da gangan ta yi. Ai haka suke."

"Ki kai ta ofishin 'yan sanda. Haƙurin namu ya yi yawa."

Dogo yana bakin ƙofa ya fi kowa ɗaga murya, shi da ya kunna wutar. Matar da ta fi zaƙewa kuwa, ko sau ɗaya ba ta leƙa asibiti ba. Suka sha ruwan sanyi, suka yi waƙa, suka bar mata kofuna a ƙasa. Ta ji su ma sun ishe ta.

Da Direba ya dawo gida da sanda, ya ga kwaɗon, ya tsaya.

"Wa kika ɗaure a ciki?"

"Kar ka fara."

"Ni fa riba na ci. Yanzu kowane takalmi zai shige ni."

"Yatsanka ne aka jefar a bokiti, kana wasa!"

"Nawa ne, shi ya sa nake da ikon yin wasa da shi. Na yafe mata, Maman yara."

"Ta roƙe ka?"

"Ba ta roƙa ba."

"To, ka yafe wa iska."

Zafi ya tsananta. Abincin maƙwabta ya soma lalacewa, ba wanda ya yi ƙorafi, sai dai su wuce firijin suna kau da kai. Kowace safiya Mai Firiji tana jin Matar Makaniki na zubar da miyar da ta yi tsami a kwata. Wata rana matar ta kasa zubarwa, ta ɗumama ta ba 'ya'yanta, suka wuni suna zaryar banɗaki. Mai Firiji tana zaune tana tsince shinkafa, ta kama kanta tana murmushi.

Murmushin ya tsorata ta. Ta tashi ta kurkure baki a famfo, kamar ta ci wani abu ruɓaɓɓe. Akwai addu'ar da take yi kowace safiya tun tana yarinya, wadda mutum ke roƙon a yafe masa daidai da yadda yake yafe wa wasu. Tun da ta sa kwaɗon nan, in ta zo wurin sai ta yi tari ta tsallake. Ta san Wanda take yi wa addu'ar ba ya ruɗuwa da tari.

Labari ya kai kunnen Alhaji, mai gidan. Ya zo da yamma, aka ba shi kujera a tsakar gida, 'yan haya suka tsaya a ƙofofinsu. Dattijo ne mai kaushin baki. Ya dubi ƙafar Direba a naɗe da bandeji, ya juya ga Matar Makaniki.

"Ke, wane malami ya ce miki a wanke kwalbar magani a shanya a rana? Kin tsarkake firiji, kin nakasa mutum. Kin kunyata mu." Ya juyo. "Maman yara, kin fi kowa daɗewa a gidan nan. Ke aka cuta. Ki ce su tashi, ƙarshen wata su kwashe kayansu."

Makaniki ya sunkuyar da kai, hannunsa baƙi ƙirin da man inji. Garejinsa na bayan gidan, makarantar 'ya'yansa na kan layin, tsohuwarsa mai shanyewar ɓarin jiki tana kwance a ɗaki. Kowa ya san in sun tashi ba su da inda za su sa ta. Matarsa ta tsaya ƙiƙam, kalmar ban haƙuri guda ta ƙi fita daga bakinta.

"Ki faɗa mana!" in ji Dogo. "Me kike jira?"

Mai Firiji ta dube ta. Ta nemi tausayi a zuciyarta, ba ta samu ba. Ta nemi ƙauna, babu ko ɗigo. Abin da ta tarar shi ne ƙyamar nan, da sanin cewa in ta ce su tashi, za ta ji daɗi, irin daɗin da ta ji ranar zawon yaran, kuma ba za ta sake iya ƙarasa addu'arta ba har ta mutu.

"Alhaji, su zauna."

"Kin tabbata?"

"Ban ce ta kyauta ba. Ban ce raina ya yi sanyi ba. In na dube ta har yanzu zuciyata tashi take yi. Amma an ce min in yafe, ba a ce sai na ji daɗin yi ba. Ni ma ana yafe min abin da ban roƙa ba. Su zauna."

"Kin zubar mana da mutunci," in ji Dogo.

"Kai kuwa tattara naka ka koma inda ka fito. Alkawarina ka karya, a gidana, da hannunka. Na yafe maka kai ma, amma daga nesa."

Direba ya buga sandarsa a ƙasa yana dariya. "Yau an yi gafara mai haƙora."

Mai Firiji ta kwance makullin daga bakin zani, ta buɗe kwaɗon, ta zaro sabuwar kwalbar allura.

"Zo nan."

Matar Makaniki ta matso.

"Riƙe. Ba ya cizo."

Ta karɓa da hannu biyu.

"Kin ji sanyinsa? Haka zai zauna kullum. In wuta ta ɗauke ba na nan, ki naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma ki sa a inuwa. In kin sake ganin abin da ba ki so a ciki, ki cire kwanonki ki jira ni. Kin ji?"

"Na ji, Yaya."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta ce a yi haƙuri ba, a ranar ko bayanta. Wasu mutane sun gwammace su ɗauki dutse a ka da su furta wannan kalmar, kuma ba addini ne ke sa su haka ba, girman kai ne, yana kuma cikin kowane gida.

Washegari da safe kwanon miyar Matar Makaniki ya dawo firiji, a can ƙasa, a kusurwa, an rufe shi da faranti. Mai Firiji ta buɗe don ta ɗauko wa mijinta allura. Duk da yashin da sabulun da aka ɓata, robar bakin ƙofar tana nan da ɗan warin nan, wanda sai mai shi ke ji. Ta yamutsa fuska, ta matsar da kwanon daga bakin ƙofa zuwa inda sanyi ya fi kamawa, ta rufe.